Tsofaffin Bindigogin Soja Da Masu Tara Su

Akwai wata kasuwa a ƙasashen Turawa wadda in ka ba dillalin Kurmi labarinta sai ya riƙe baki. A cikinta, wanda ya wanke hajarsa, ya goge ta har ta yi ƙyalli, shi ne ya yi hasara. Wanda kuwa ya bar tasa da dauɗarta ta shekara ɗari, shi ne ya ci riba. Kasuwar tsofaffin bindigogin soja ke nan, irin waɗanda a ke kira masu sakata. Mun daɗe muna so mu ba ku labarinta, ku 'yan makaranta, domin a kanta ne muka gane girman wani laifi da muka yi tun muna kamarku, wanda har yau in mun tuna sai mu sunkuyar da kai.

A gidanmu, can ƙasar Zazzau, akwai wani ƙanen kakanmu wanda kowa ke kira Baba Saje. Ya shiga soja zamanin yaƙin Hitila, aka sa shi cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Suka ƙetare teku zuwa Indiya cikin 1944, daga nan suka kutsa dazuzzukan Arakan na ƙasar Bama, inda suka kara da Japanawa. Yana cikin waɗanda suka shiga Myohaung a watan Janairu na 1945. In kun taɓa wucewa ta barikin Dalet a Kaduna, ko barikin Chindit a Zariya, kuka yi mamakin inda aka samo waɗannan sunaye, to, tsarabar wannan yaƙi ce. Sa'ad da muka san shi ya riga ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi yana, bai kuwa san shekarar da aka haife shi ba. Amma lambar bindigarsa, wadda ya mayar wa Gwamnati tun 1946, ko da tsakar dare ka tashe shi sai ya karanto maka ita da Turancin bariki, ba tuntuɓe.

Da la'asar, in ya ji daɗin ransa, ya kan tara mu a zaure, ya ɗauki sandarsa ta gora ya kafa a kafaɗa, ya nuna mana yadda a ke sarrafa ta. Motsi huɗu ne: ka ɗaga, ka ja, ka tura, ka kwantar. Ku dubi sakatar ƙofar ajinku, za ku gane abin da ya ke nufi. In ka ɗaga mariƙin, haƙoran da suka kulle ta sun saki. In ka ja baya, ta fisgo kwanson harsashin da aka harba ta yar. In ka tura gaba, ta kwaso sabon harsashi daga gidansa ta cusa shi cikin bututu. In ka kwantar, ta kulle, saura jan kunama. Mu kan yi layi da karan dawa muna kwaikwayo, wanda ya sauke karansa daga kafaɗa kafin ya gama motsin ya sha ranƙwashi. Baba ya kan ce, "Kai, kurtu! Ba a sauke ta. Wanda ya sauke ta don ya duba hannunsa, shi a ke bari a bakin rafi."

Wannan dabara ba tsohuwa ce ƙwarai ba. Wani Bajamushe, Dreyse, shi ya fara ƙera irinta da soja suka karɓa, sojan Furusiya suka ɗauke ta cikin 1841. Faransawa suka biyo da tasu cikin 1866, 'yan'uwan nan biyu masu suna Mauser suka fito da tasu cikin 1871. Abin da ya juya al'amarin duka kuwa shi ne albarushin da ba ya hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano cikin 1884. Kafin shekara ashirin kowace babbar ƙasa ta yi tata: Lebel ta Faransa 1886, Mosin ta Rasha da Carcano ta Italiya 1891, Lee-Enfield ta Ingila 1895, Mauser ta Jamus 1898, Springfield ta Amurka 1903. Ta Baba Lee-Enfield ce. Lee sunan mutumin da ya tsara sakatar da gidan harsashin, Enfield kuwa gari ne arewa da London inda maƙerar Gwamnati ta ke a dā. Harsashi goma ta ke ci, alhali Mauser biyar, sakatarta kuma ta fi sauri, har kafin yaƙin 1914 a kan bukaci sojan Ingila ya saita ya harba goma sha biyar cikin minti guda. Irinta ce 'yan sandanmu suka daɗe suna rataye da ita, wadda mutane ke kira Mak-fo.

To, ga laifin namu. Baba yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai littafin sallamarsa, da lambobin yabo, har da tauraron Bama, da kuma wata doguwar wuƙar bakin bindiga, watau banati, ta Japanawa, cikin kubenta na ƙarfe. Ta yi baƙi ƙirin, ga ɗigo-ɗigon tsatsa, ƙotarta ta itace ta sha hannu har ta yi duhu, an kuma ƙarce ta wuri biyar a jere. Wata shekara, ana saura kwana biyu Salla, Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye. Muka yi shawara mu yi masa abin kirki. Muka ɗauki banatin, muka haɗa 'yan kwabbanmu, muka kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa, ya ɗora ta bisa dutsensa mai juyawa har ta yi fari fat. Muka dawo gida muka sami fasasshiyar kwalba muka kankare ƙotar, ƙarcen nan biyar duk suka baje, muka shafa mata man gyaɗa. Wallahi mun ga kyaunta. Muka ajiye muna jiran tukuici.

Da ya dawo muka miƙa masa da hannu biyu. Ya zare ta, ya kai ta kusa da idonsa mai gani, sa'an nan ya bi ƙotar da babban yatsa, ya sake bi, ya kuma sake bi. Bai daka mana tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Sai ya ce, "'Ya'yan nan, kun share mini mutane." Ya mayar da ita kube, ya rufe akwatin. Daga baya kakarmu ta gaya mana ƙarcen nan biyar kowane da sunansa, 'yan sashensa ne da ba su komo ba, kullum bayan sallar asuba ya kan bi su da yatsa yana yi musu addu'a ɗaya ɗaya. Garin neman gira mun rasa ido. Bai ƙara buɗe akwatin a gabanmu ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan shekara talatin da 'yan kai, aiki ya kai mu birnin Leeds na Ingila. A can akwai babban gidan ajiye makamai na tarihi, Royal Armouries, wanda aka buɗe cikin 1996, inda kuma tun 2005 a ke ajiye tarin nan na Gwamnatin Ingila na samfurin bindigogi, watau wadda a ke buga wa hatimi a ce duk sauran su yi kama da ita. Muna tsaye gaban wani akwatin gilashi muna duban Lee-Enfield, ashe hannunmu na dama yana motsi huɗun nan ba mu sani ba. Wani tsoho da ke gefe ya lura, ya yi murmushi, magana ta haɗa mu. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya, ya kuwa shekara arba'in yana tara irin waɗannan bindigogi. Ya gayyace mu gidansa ranar Asabar.

Kada ku zaci abin a sake ya ke. Kowace bindiga da ke gidansa tana rubuce cikin lasin da 'yan sanda suka ba shi, tana kulle cikin kabad na ƙarfe da aka kafe a bango, su kan kuma zo su duba. Mu nan gida kuwa dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin soja, har da masu cin harsashin .303 irin na Lee-Enfield, cikin waɗanda aka haramta wa mutum ya mallaka, in ba da izini daga shugaban ƙasa ba. Mu dai ba mu ga laifin wannan doka ba, balle a zamanin da bindiga ta hana manomi zuwa gonarsa. Wanda ya ke so ya ga irinsu sai ya nufi gidan tarihi, kamar na yaƙi da ke Umuahia. In kuwa ɗayanku ya tsinci tsohuwar bindiga ko harsashi a kango ko a gona, kada ya taɓa, ya gaya wa manya su sanar da hukuma. Tsufa ba ya kashe albarushi.

Tsohon ya shimfiɗa bargo bisa tebur, ya ɗauko ta farko, ya buɗe sakatar ya nuna mana ba kome a ciki, kāna ya miƙo. Ya ce, "Kada ku dube ta tukuna. Ku karanta ta." Muka ce, yaya a ke karanta ƙarfe? Ya nuna mana wuyanta, daidai inda hannu ke kamawa. Ga kambin sarauta, ga haruffan G.R. na Sarki Joji, ga sunan maƙera, ga shekara, 1913. A wani wuri ga 'yar kibiya, shaidar dukiyar Gwamnati ce. A gindinta ga wani ɗan faifan tagulla kamar kwabo, an buga haruffan rundunar da aka ba ta. Ya ce cikin 1916 aka daina buga irin wannan, don kada abokan gaba su tsinci bindiga su san wace runduna ke gabansu. Ya nuna mana wani ɗan marfi da ke tsare harsasan cikin gida, don soja ya riƙa sa ɗaya ɗaya ya tanadi goman, da wani saiti na gefe mai kai har yadi 2,800, wanda kamfani guda ke ɗagawa su yi ruwan harsashi a kan taron da ba su gani sosai. Da yaƙi ya yi zafi aka ga waɗannan ɓata lokaci ne a maƙera, aka daina sa su, waɗanda ke da su ma yawanci aka cire. Saboda haka wadda ta tsira da su har yau, ita ce masu tarawa ke rububi.

Daga nan ya shiga maganar lamba, a nan ne kuwa ya daɗe. An buga lamba ɗaya a jikin bindigar, an buga ta a sakata, a kan buga ta a bututu da saiti da sauran wurare. In duk suka zo ɗaya, an san tun daga maƙera ba a raba su ba. In sakatar ta wata ce, kuɗin ya faɗi nan take. Muka ce wannan ai tsirfa ce, sakata ai sakata ce. Ya ce a'a, da dalili. Kowace sakata da hannu a ke daidaita ta da jikin bindigarta, don kada a bar rata tsakaninta da gindin harsashi. In rata ta yi yawa kwanso ya kan fashe, iskar wuta ta komo fuskar mai harbi. Shi ya sa a ƙirar baya aka yi kan sakata iri huɗu, daga 0 zuwa 3, kowane ya ɗara na baya tsawo kaɗan, maƙerin soja ya zaɓi wanda ya dace. Ashe abin da ya faro daga tsaron ido da hanci, shi ya zama ma'aunin kuɗi.

Jamusawa su suka fi kowa son lamba, har kan ƙananan kusoshi su kan buga. Sun ƙera gajeriyar Mauser ɗinsu ta 1935 fiye da miliyan 14, suka kuma ɓoye sunayen maƙerunsu da haruffan sirri, kamar byf, wanda ke nufin maƙerar Mauser ta Oberndorf. Rashawa suka kama su tuli a yaƙi. Bayan an gama suka wargaza su, suka zuba sakatu wuri ɗaya, itatuwa wuri ɗaya, suka sake rina ƙarfen, suka harhaɗa yadda hannu ya kai, suka buga musu alama mai kama da X. Irin waɗannan suna harbi lafiya lau, amma ba su kai rabin darajar wadda ba a taɓa ba. Inda riba ta ke kuwa, nan ɓarawo ke kwana. Akwai masu sayen ƙarfen buga lamba su share tsohuwa su buga sabuwa, su ce duk sun dace. Akwai masu yanke doguwar Lee-Enfield su ce ita ce gajeriyar nan ta daji da aka ƙera daga 1944 zuwa 1947. Akwai masu ɗaura madubin hangen nesa a kan kowace su ce ta gwanayen harbi ce, alhali na gaskiyar, waɗanda kamfanin Holland & Holland ya gyara zamanin yaƙi, lambar madubin tana buge a itacen bindigar. Tsohon ya ce shi ma an taɓa cinsa sau biyu, duka biyun kuwa a hoto ya saya. Muka ce a garinmu ba a cinikin biri a sama. Ya sa muka fassara masa, ya rubuta a littafinsa.

Wata gaskiya da ta ba mu mamaki ita ce, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Yawa shi ke karya kasuwa. An ƙera Lee-Enfield fiye da miliyan 16, Mosin kuwa wajen miliyan 37. Da ƙasashe suka koma bindigogi masu sarrafa kansu bayan 1945, sai aka yi ta gwanjon waɗannan jirgi jirgi. Wajen 1960 Ba'amurke ya kan aika da dala goma sha wani abu ta gidan waya a kawo masa ɗaya har ƙofa. Carcanon da aka harbe Shugaba Kennedy da ita cikin 1963 haka aka saye ta, dala 19.95 har da madubinta, wannan na cikin abin da ya jawo dokar 1968 wadda ta tsuke wannan ciniki. A waɗannan shekaru na araha maharban barewa suka yi ta saye suna yanke itacen, suna fige saitin, suna huda ƙarfen, don ta yi sauƙin ɗauka a daji. Kowa a lokacin gani ya ke gyara ya yi. Yau jikokinsu su kan kai irin wannan kasuwa a taya musu abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na wadda aka ƙyale ba. Haka kuma bayan rushewar Tarayyar Sobiyat cikin 1991 aka yi shekaru ana sayar da Mosin ƙasa da dala ɗari a Amurka. Da rumbunan suka ƙare, kuɗin ya ninka ya sake ninkawa.

Sai ya ɗauko wata doguwa, ya ce, "Ga wadda aka harbi kakanku da irinta." Arisaka ce ta Japan. Suna da ƙira biyu manya, ta 1905 da ta 1939. A bisa jikinta an buga wani fure mai kunnuwa goma sha shida, tambarin gidan sarautar Japan, watau shaidar bindigar ta Sarki ce, aro aka ba soja. Da suka miƙa wuya cikin 1945 aka bi yawancinsu da dutsen wasa aka share furen, don kada tambarin Sarki ya shiga hannun abokan gaba. Saboda haka wadda ke da furenta cikakke ta fi tsada nesa, don ana kyautata zaton a fagen fama aka ɗauke ta. Ya ɗauko banatinta ya nuna mana gindin ruwan wuƙar, inda aka buga 'yar alamar maƙera, waɗansu zobba a sarƙe. Ya ce da wannan a ke sanin garin da aka ƙera ta. Muka duba, gabanmu ya faɗi. Mun tuna akwai wani abu kamar haka a ta Baba, mun kuma tuna muna tsaye mai wasa wuƙa ya danna wurin a kan dutse, muna ce masa ya ƙara, akwai sauran baƙi.

Muka kwashe labarin duka muka gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kun yi ɓarna biyu, amma kasuwa ɗaya kaɗai ta sani." Wasa ƙarfen da muka yi, in ji shi, ya kashe kuɗinta, wannan kowane mai tarawa zai gaya mana. Amma ƙarcen nan biyar, da mun kai ta gwanjo da su, da cewa za a yi an lalata ƙotar, a rage kuɗi. Muka ce, ko da an faɗi abin da su ke nufi? Ya ce masu tarawa suna da magana tasu, wai bindiga a ke saye, ba a sayen labari. In ba takarda, ba hoto, ba wasiƙar hafsa, to, labarin iska ne, gama kowane mai sayarwa yana da kakan da ya yi jarumtaka.

Mun juya wannan magana a zuci ƙwarai, ba mu kuwa iya cewa ƙarya ce ba. Mutumin da aka ci sau biyu yana da hujjar ƙin labari. Amma ku dubi inda ma'aunin ya kai su. Ya buɗe wani kabad ya nuna mana abin da ya fi ji da shi cikin tarinsa duka: wani dogon ƙunshi na takarda mai maiko, an naɗe kamar gawa, da 'yar takarda a manne mai lamba. Lee-Enfield ce da aka ƙera a Fazakerley, kusa da Liverpool, wajen 1955, aka naɗe, ba a taɓa ba kowane soja ita ba. Shi kansa bai taɓa ganinta ba, don ranar da ya kwance takardar, ranar darajarta ta ragu. Watau wadda ta fi duka tsada ita ce wadda ba ta taɓa jin ruwan sama ba, ba ta kwana a rami ba, ba wanda ya taɓa rungume ta yana kiran sunan uwarsa. Wadda ta ƙetare rafukan Arakan a bisa kai, itacenta ya kumbura, aka ɗaure tsagarta da waya, ita ce ta can ƙasan jeri. Mu dai a namu ganin wannan ma'auni na maƙera ne, yana auna aikin wanda ya ƙera, ya mance da wanda ya ɗauka.

Haka aka gani wajen 2019, sa'ad da aka buɗe waɗansu rumbunan makamai na ƙasar Habasha aka kwashi abin da ke ciki zuwa Amurka: Gras ta Faransa, da Carcano da Italiyawa suka bari, da Mauser, da Lee-Enfield. Masu saye da yawa suka yi ta gunaguni, wai sun ci duniya, bututu ya side, an yi musu faci da fata da ƙusa irin na maƙeran ƙauye. Kaɗan ne suka lura cewa facin nan shi ne abin da ba a samu a wata bindiga a duniya. Tsohon namu, don mu faɗi gaskiyarsa, yana cikin kaɗan ɗin. Ya sayi ɗaya, ya kuwa bar ta da facinta.

Rana ta yi sanyi, matarsa ta kawo shayi. Ya tambaye mu ko Baba ya taɓa faɗin lambar tasa bindigar. Muka ce sau ɗari ma. Ya jawo littafi da fensir, ya ce mu faɗa. Allah Sarki! Muka buɗe baki, ba kome. Mu da muka yi makaranta, muka haddace jadawalin lissafi da sunayen kogunan duniya, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar alƙalami ya rubuta abin da tsohon da bai iya karatun boko ba ya riƙe shekara arba'in. Muka yi ta lalube. Abin da ya rage mana sai amon muryarsa kaɗai: lamba biyu, sa'an nan ya ja wani harafi, "siii", kāna ya sauko da sauran huɗu da sauri kamar mai kiran fareti.

Tsohon ya ajiye fensir. Ya ce, "Harafin a tsakiya ya ke, ba a farko ba?" Muka ce a tsakiya, wannan kam mun tabbata. Ya ce to, ai kun faɗi da yawa. Ƙirar nan ta huɗu, wadda aka fara rabawa cikin 1941, wuri biyar aka yi ta zamanin yaƙin. Uku na Ingila, Maltby da Fazakerley da Shirley, harafinsu a gaba ya ke. Ta Long Branch a Kanada tana da L a tsakiya. Mai C a tsakiya kuwa kamfanin Savage ne ya ƙera ta, a wani gari Chicopee Falls na jihar Masacusets a Amurka, tsakanin 1941 da 1944, sun yi fiye da miliyan guda. Ya ce lalle a gefenta akwai rubutu, U.S. PROPERTY, watau dukiyar Amurka, don bisa dokar aro ta 1941 aka ba Ingila su. Muka yi ta jinjina abin. Ƙirar Ingila, aikin Amurka, a kafaɗar Bazazzagi, a dajin Bama. Baba ya rasu yana ce mata bindigar Sarkin Ingila.

Ya tashi ya buɗe kabad na ƙarshe, ya ɗauko wata, ya duba cikinta, ya miƙo mana. Irinta ce. Itacenta ya yi tabo, rinin ƙarfen ya koɗe a inda hannu ke kamawa, sakatarta ma ba tata ba ce. Ya ce ita ce mafi araha a ɗakin, ya saye ta tun yana saurayi, ya sha niyyar sayarwa bai yi ba. Ta fi karan dawa nauyi ƙwarai, ta kai kilo huɗu. Muka kafa ta a kafaɗa, muka fuskanci bango, muka ɗaga, muka ja, muka tura, muka kwantar. Ƙarfen ya yi wata ƙara mai taushi wadda ba mu taɓa ji ba, sai a bakin Baba, sa'ad da ya kan kwaikwaye ta da harshe. Muka sake, har sau biyar.

Tsohon ya ce, "Ba ku sauke ta daga kafaɗa ba. Yawancin baƙina su kan sauke."

Muka ce, "An hana mu."